Kaluluwar Gwadabe

A shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki, ana gab da rantsar da sabon gwamna, Gwadabe baduku ya wayi gari da kaluluwa a hammata. Bai kula ba, ɗinkin jakunkuna ya yi masa yawa a zaurensa na Dukawuya. Sai zazzaɓi ya biyo baya.

Rediyo ce ta tayar masa da hankali. Wani likita ya ce ƙanjamau garkuwar jiki take karyawa, kuma takan fara da kaluluwa. Nan take ya tuna jinin da aka ƙara masa bara waccan, da mota ta kife da su a hanyar Zariya. Ga matarsa Hajo da tsohon ciki.

Ya ware kofinsa, ya ɓoye rezarsa, abinci sai dai ya tsakura.

"Malam, wai laifin me na yi maka?" in ji Hajo.

"Ba komai," ya ce, idonsa a ƙasa.

Da ya ga ramar ta fara nunawa, ya lallaɓa wani asibiti a Ƙofar Kabuga. Likita Mikail ya taɓa kumburin, sannan ya kwance tsumman da ke yatsan Gwadabe, inda basilla ta soke shi. Wurin ya cika da mugunya.

"Ta nan cuta ta shiga," in ji likitan. "Akwai fararen ƙwayoyi a jininka masu kama ta su cinye. A hammata suke taruwa su ƙaru, shi ne kumburin. Zazzaɓin ma jikinka ne ya ɗau zafi don ya takura mata."

"To jinin da aka ƙara min fa, likita?"

Mikail ya ce, "Ba zan yi maka ƙarya ba. Wannan sai an gwada."

Aka tsaga yatsan, aka ba shi magani, aka ɗibi jini. Kumburin ya saɓe, amma fargabar ba ta bar shi ba. Ranar rantsarwa gari ya ɗau kiɗa da odar motoci, shi kuwa yana zaune da basilla a hannu, ya kasa huda fata.

Da ya koma asibitin, Mikail ya ce masa jininsa lafiya ƙalau. Gwadabe ya kama hanyar gida.

A tsakar gida ya kwashe komai ya gaya wa Hajo. Ta daɗe tana kallonsa, hannunta a kan ciki.

"Ni kuma da yaushe ka shirya gaya min?"

Sai washegari ta sake yi masa magana.