Girkin Buɗe-Kwalba

A yammacin da likita ya fito daga ɗakin Baba Direba yana goge hannu, waɗanda ya tarar a barandar bene su ne mutanen wannan labari. Akwai babban ɗan mara lafiyan, wanda ake kira Manaja, da ƙanwarsa Auta. Akwai Gwaggo Kuku, maƙwabciyar da bango ɗaya ya raba kicin ɗinta da nasu. Mai Kanti yana ƙasa a bakin titi, sai can gaba zai shigo. Ta ƙarshensu ba ta wurin, domin ta riga mu gidan gaskiya da daɗewa. Ita ce matar Baba Direba, wadda Gwaggo Kuku ta laƙaba wa suna Buɗe-Kwalba.

Likita bai ɓoye musu komai ba. Ya ce ciwon ya fi ƙarfin magani, amma ba ciwon ne zai fara kayar da tsohon ba, yunwa ce. Idan ya dawo gobe ya tarar bai sa komai a cikinsa ba, dole a kai shi asibiti a zura masa tiyon abinci ta hanci. Kowa kuwa a benen ya san abin da Baba Direba ya roƙa: a bar shi ya cika a kan gadonsa, gefen tagar da yake hango tashar motocin da ya tuƙa har ƙarfinsa ya ƙare.

Manaja ya karɓi maganar asibiti da wani irin sauri da ya sa Gwaggo Kuku ta dube shi daga sama har ƙasa. A ganinta, ɗan da ke zuwa dubiyar ubansa da makullin mota a yatsa ya riga ya tafi tun kafin ya zauna. Auta kuma kukanta ba ya zuba sai waya tana hannu. Su ne jiya suka aika wani gidan abinci mai tsada, aka kawo taliya irin ta Italiya a cikin kwali, an ɗora mata ɗan koren ganye a ka kamar hula. Sai da Auta ta ɗauki hotonta kafin ta miƙa wa uban. Ya sunsuna, ya juya fuska bango.

Wannan bai ba Gwaggo mamaki ba. Abin da ya ƙona mata rai nata girkin ne. Ita da ta tsufa a kicin ɗin otal, da safiyar ranar ta kwaɓa fulawa da ƙwai, ta murza, ta yanka taliya da hannunta. Ta ɓare tumatir, ta dafa shi a wuta kaɗan-kaɗan da man zaitun da tafarnuwa, har ƙamshi ya sauka ƙasan bene. Tsohon ya kai cokali leɓe, ya yi mata godiya, ya ture kwano.

"Tun da ya kwanta magana ɗaya yake yi, Gwaggo," in ji Auta, "wai taliyar Mama. To wace taliya ce ba mu kawo masa ba?"

Gwaggo ta tambaye su yadda uwar tasu take dafawa. Suka dubi juna. Manaja ya ce ai taliya taliya ce. Da ita aka yaye su, da ita suka girma, amma cikinsu babu wanda ya taɓa leƙa tukunyar.

Gwaggo Kuku ta san yadda ake yi, kuma ba ƙauna ce ta sanar da ita ba. Shekaru da yawa, duk yamma in matar ta dawo daga masaƙa da kumburarrun ƙafafu, Gwaggo tana tsaye a nata kicin tana jin komai ta bangon nan maras kauri, tana taɓe baki. Ta san ƙarar karya taliya. Ta san "ɓas" ɗin murfin kwalba, da ƙarar buɗe kifin gwangwani. Ta san ƙaurin da ke biyo baya. Babu maƙwabciyar da ba ta kwaikwaya wa ba, har da girgiza hannu, ana dariya ana riƙe ciki. Takan ce matar da ba ta iya yanka albasa ba, aurenta sadaka ce aka yi mata.

Ta tsaya a barandar tana kallon Manaja yana lalubar lambar asibiti. Ta ja tsaki, ta saɓa mayafi, ta sauka.

Mai Kanti ya san ta sarai. Ita ce ta sa wa kantar da yake jera miyar tumatir ta kwalba suna maƙabartar tumatir, ba ta wucewa ba ta tofa ba. Da ya ga ta nufi wajen, sai ya ajiye abin da yake yi, ya dafa teburi.

"Gwaggo, yau ziyarar kabari aka zo?"

"Rufe mini baki ka miƙo. Ba mai tsadar ba. Waccan ta ƙasa mai jan murfi, wadda ko ɓera ba ya kulawa."

Ta haɗa da ƙunshin taliya mafi araha, da kifin gwangwani, da garin cuku na leda, wanda ta sha cewa da shi da dusar katako uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Mai Kanti ya ce ko ya sa mata a baƙar leda don kada a gani. Ta ce ba sata ta yi ba. Ta rungumo kayan a fili, ta hau bene tana harara duk wanda ya kalle ta.

Ba ta shiga nata kicin ba, nasu ta shiga. Ta buɗe ƙofar da ke kallon ɗakin mara lafiya, ta tokare ta da kujera. Ta tsallake sabuwar tukunyar da Auta ta sayo, ta jawo wata lanƙwasasshiya daga ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Ta karya taliyar gida uku, abin da in yaron kicin ya yi a otal sai ya kwana ba aiki. Ta bar ta a ruwa har ta yi laushi ta saki jiki. A wata tukunyar ta juye kifin da mansa, ta farfasa shi da bayan cokali, ta murɗe jan murfi ta kife kwalbar a kai. Ba albasa, ba tafarnuwa. Sukari cokali ɗaya, tana runtse ido.

Sa'an nan ta ɗebi ruwan taliyar ta zuba a kwalbar da ta juye, ta mayar da murfi, ta girgiza da ƙarfi yadda marigayiyar ke yi don kada ko ɗigo ya tafi a banza. Ƙarar ta cika gidan. Tarin da ake ta ji daga ɗaki ya tsaya.

Saura abu ɗaya, shi ne mafi wuya. A daidai nan Buɗe-Kwalba takan bar miyar a wuta ta tafi goge rigar aikin mijinta ta gobe, ba ta dawowa sai gindin tukunya ya kama. Gwaggo ta ajiye ludayi, ta mayar da hannayenta baya ta riƙe ɗaya da ɗaya. Miyar ta fara tsalle, ta fara kauri. Hancinta ya gaya mata lokacin juyawa ya yi, ya kuma wuce. Tun da take ba ta taɓa ƙona ko ruwan zafi ba. Auta ta shigo da sauri ta kai hannu.

"Gwaggo, yana kamawa."

"Taɓa ludayin nan ki ga yadda ake karya hannu."

Sai da ƙaurin ya tashi sosai, wanda ta sani ta cikin bango, sa'an nan ta sauke. Ta juye taliyar a ciki, ta kankaro ɗan ƙonannen ta cakuɗa, ta barbaɗa garin cuku. Ta dubi kwanon kamar mai duban abin da kare ya bari, ta ɗauka ta shiga.

Ta tarar Baba Direba ya ja jiki ya jingina da filo da kansa. Ta zauna a bakin gado, ta ɗebo kaɗan a cokali. Ya karɓa, ya daɗe yana juyawa a baki, ya haɗiye. Ya sake buɗe baki.

"Kuku," ya ce, muryarsa kamar ta fito daga rijiya, "ashe ke ma kin iya ɓata abinci."

"A wurin matarka na koya. Ci, kada ka ɓata mini lokaci."

"Ta san kina saurare. Takan ce mini, bari in girgiza da ƙarfi, kada maƙwabciya ta rasa abin faɗa gobe."

Gwaggo ta goge masa gemu da gefen mayafinta, ta ƙara ɗebowa. Ya ci kusan rabin kwano. Manaja yana tsaye a bakin ƙofa da waya a kunne, ana ta magana daga asibiti. A ƙarshe ya kashe ta, ya sa makullin mota a aljihu.

Da likita ya dawo ya ga kwanon, ya ce a bar shi inda yake. Duk yamma Gwaggo ta riƙa hawowa da jan murfi tana zagin kamfanin da ya yi shi, tsohon kuma cinsa yana raguwa, daga rabin kwano zuwa cokali, daga cokali zuwa ƙamshi kawai. Ya cika wata safiya a kan gadonsa, taga a buɗe, motocin farko suna fita daga tasha. Allah ya jiƙansa.

Ranar kwashe kaya aka tarar da kwalabe wankakku jere a bayan kabad, tun na zamanin marigayiya. Manaja ya ce a zubar. Gwaggo ta ce dama can shara ce, amma ta ɗauki guda, wai za ta zuba gishiri. Har yau in an tambaye ta, cewa take yi wannan ba abinci ba ne, cuta ce da murfi.

Iyakar abin da ya iso gare ni ke nan. Wanda ya san zancen fiye da haka, ya ga na sa na gaba a baya ko na ɗora wa wani maganar da ba tasa ba, ya yi haƙuri ya gyara mini. Sababbin da suka kama ɗakin Baba Direba dai sun ce bangon kicin ba shi da kauri. Wani yammacin, in fitilun tasha sun fara kamawa, sukan ji ana girgiza ruwa a kwalba daga wancan gefe.