Yadda Wata Ya Shigo Ɗakin Inna

Sharaɗi biyu Inna ta gindaya kafin ta yarda ta dawo gidana, kuma a gaban likita ta faɗe su don kada in musa daga baya. Na farko, kwabar kayanta za ta biyo ta. Na biyu, motar da ta kwaso kayan ba za ta motsa ba sai ta ga ɗakin da idonta. In bai yi mata ba, a juya da ita inda aka ɗauko ta.

Na ce na ji na gani. Me zan ce? Tun ranar da ta zame a banɗaki ta yini a ƙasa ba wanda ya sani, sai da maƙwabciyarta ta leƙa, ban ƙara samun kwanciyar hankali ba. Ƙugunta da ya karye ya ɗan warke, tana takawa da sanda daga gado zuwa ƙofa, amma likita ya ce zaman kaɗaici ya ƙare. Ni ce auta, ni kaɗai ce kuma nake gari ɗaya da ita. In ta koma, na san inda zuciyata za ta riƙa kwana.

Gidanmu a hawa na huɗu yake, na ƙarshe, kuma da ƙafa ake hawa. Masu ɗaukar kayan su biyu ne, Dogo da Guntu, wanda ya raɗa musu sunayen kuwa bai wahalar da kansa ba. Su suka ɗora Inna a kujerar roba suka hau da ita, tana riƙe da sandarta tana ba da umarni.

"Kai dogon, sassauta. Kai kuma gajeren, ɗaga, ko so kake ka zubar da ni?"

"Mama, iyakar tsawon da Allah ya ba ni ke nan," in ji Guntu yana haki.

Na sha wahala a kan ɗakin nan. Na sa an yi fenti, na ɗinka labule mai furanni, na sa katifa mai tauri yadda likita ya ce. Abu ɗaya ne na kasa gyarawa, shi kuma ta fara dubawa. Suna sauke ta a bakin gado ta miƙa sanda ta yaye labulen. Bayan ƙofar gilashin akwai 'yar baranda da ba ta wuce ta ajiye bokiti da tsintsiya ba, bayan barandar kuma bangon ginin maƙwabta ne, wanda ya fi namu tsawo, ba fenti ba taga, sai bututun ruwa guda da ya sauko ta tsakiyarsa.

Ta dubi bangon, ta dube ni.

"Auta, laifin me na yi miki za ki jefa ni a rijiya?"

"Haba Inna, wace irin rijiya a hawa na huɗu?"

"Ina sama?"

"Tana nan a sama mana."

"To ni ban gan ta ba. Ki ce wa mai mota kada ya sauke sauran kayan."

Su Dogo tuni sun koma ƙasa ɗauko kwabar, ni kuma ina ta lallashi, can sai muka ji wani ƙara daga matakala, kamar an buga ganga, sannan muryar maigidana yana cewa a tsaya, a tsaya.

Maigidana mutum ne mai son awo. Tun kafin ranar ya yi ta yawo da tef a aljihu. Ya auna kwabar tsaye da kwance, ya auna ƙofar gida, ya auna ƙofar ɗaki, har bangon da za a jingina ta ya auna, ya dawo yana cewa komai daidai wa daida. Kwanar matakala ce kawai bai auna ba. A nan kwabar ta cije, tsakanin hawa na uku da namu, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Dogo yana sama da ita, Guntu yana ƙasa, muryarsa kawai ake ji.

Allah ya yafe mini, sai da na ji wani sanyi a raina. Muddin kwabar tana nan, ko kyanwa ba za ta wuce ba, balle tsohuwa a kan kujera.

Na leƙa na gani, na koma na shaida wa Inna. Ta ce, "Mijin naki ne ya auna?"

"Shi ne."

"Na ga alama."

Kwabar nan ta girme ni. Babanmu ne ya saya mata, katako ne mai nauyin tsiya, murfi uku, na tsakiyar madubi ne daga sama har ƙasa. Muna yara ko yatsa muka ɗora a kai sai mun ji a jikinmu. Don haka da Dogo ya leƙo ya ce babu dabara sai an kwance murafan, Inna ta kusa miƙewa ba sanda.

"In madubin nan ya tsage, kai ma ka tsage."

"Mama, kwantar da hankalinki. Mu a aikinmu madubi ba a kwantar da shi, ba a kuma jingine shi a hanyar mutane. Wurin da ƙafa ba ta bi ake kai shi."

Ya koma da sukuddireba. Can sai ga shi rungume da murfin, ya juya fuskar madubin ga ƙirjinsa, yana tafiya a hankali. Ya duba falo, kwalaye ko'ina. Ya duba ɗakin Inna, nan ma hanya ce. Sai ya ce in buɗe masa baranda. Ya ninka tsumma ya shimfiɗa, ya dasa gindin murfin a kai, ya kishingiɗar da shi a jikin ƙarfen barandar sosai don kada iska ta tura shi, fuskarsa tana duban ɗaki. Ya girgiza shi ya ji ya zauna, ya fita.

Daga matakala ya ɗaga murya. "Yanzu za ta motsa! Sama za mu yi ko ƙasa?"

Na dubi Inna. Ta gyara ɗankwalinta.

"Ƙasa," ta ce.

Na ce bari in dafa mata shayi kafin su gama, na shige kicin na rufe ƙofa. Haushi nake ji, ba zan ɓoye ba, haushin fentin da labulen da katifar, da taurin kan da na san ni ma na gada. A ƙarƙashin haushin kuma tsoro ne zalla. Ina ganin tayil ɗin banɗakin nan nata mai santsi, ina ganin wayarta a kan tebur inda hannu ba ya kai. Na tsaya a kan butar ina share hawaye da bakin zane har ruwan ya tafasa ya fara zuba.

Da na dawo da kofin, rana ta yi sanyi, ɗakin ya fara duhu. Inna ta kishingiɗa a kan filo, ta ƙura wa baranda ido, ko ƙiftawa ba ta yi.

"Inna? Lafiya?"

"Ajiye kofin nan ki zo."

Na zo na tsaya a kanta. Ban ga komai ba sai murfin kwaba da gefen rufinmu a ciki.

"Ba a tsaye ba, sakarya. Kawo kanki nan."

Ta jawo ni har kumatuna ya taɓa filonta. Sai ga sama. Madubin da ke kishingiɗe ya ɗauko ta daga bayan rufinmu ya kawo ta har bakin gado, shuɗiya tas, da wani siririn gajimare da rana mai faɗuwa ta shafa wa ja. A tsakiya kuma ga wata, bai gama cika ba, fari sol, ya fito tun duhu bai yi ba kamar baƙon da ya riga masu gida shiri. Muna cikin kallo wasu tattabaru suka gitta ta gabansa, cikinsu yana walƙiya, suka fice ta gefen katako.

Shekara da shekaru ina gidan nan, wallahi ban taɓa sanin wata yana bi ta kanmu ba.

"Kira min dogon nan," in ji Inna, a hankali, kamar kada watan ya ji ya gudu.

Dogo ya shigo yana goge zufa, a zatonsa madubin ne ya tsage. Ta nuna masa da sanda. Ya duba ya ce bai ga komai ba. Ta ce ya rage tsawo. Ya sunkuya, bai gani ba. Sai da ya durƙusa a gaban gado ya karkata kai, sannan ya ce, "Kai! Ikon Allah."

Da yake an kwance murafan, Guntu ya samu ya ratso ta gefen kwabar ya biyo shi. Shi daga bakin ƙofa ma ya hango.

"Yau dai gajarta ta yi rana," ya ce, yana washe baki.

Maigidana ya shigo da tef ɗinsa a hannu yana bayanin cewa laifin wanda ya gina matakalar ne. Inna ta ce ya yi shiru ya tsuguna. Ya tsuguna. Ban taɓa ganin bayani ya mutu a bakinsa da wuri haka ba. A bayansa sai ga matar hawa na uku, ta hauro da faɗanta a baki, wai an tare mata ƙofa da katako tun ɗazu. Ta tarar da manya huɗu sun haɗa kai a gefen gadon tsohuwa kamar masu duba jariri. Ta ce me ake kallo? Aka matsa mata. Faɗan da ba a yi ba ke nan.

Can ƙasa direba ya danna ham, ya sake dannawa. Ba wanda ya motsa.

"Inna," na ce, don bakina ba ya iya shiru, "ke da kike da tsakar gida guda, sama har ta yi miki yawa, wannan ɗan yankin ne ya burge ki?"

Ba ta ɗauke ido daga madubin ba.

"Tsakar gidan tana nan," ta ce. "Amma tun da babanku ya rasu, da rana ta karkata nake shigewa in ja ƙofa. Wa zan ce wa zo ka gani? Rabona da in kalli wata har na manta."

Ba da kuka ta faɗa ba, yadda take faɗin gishiri ya ƙare haka ta faɗa. Na lalubo hannunta a kan bargo, ta bar ni na riƙe, abin da ba ta cika yi ba.

Murfin kwaba ba shi da faɗi, wata kuma ba ya tsayawa don kowa. A hankali ya matsa gefe, ya taɓa katakon, rabinsa ya shige, saura ɗan baki. Guntu ya karkata kai yana binsa har ya kusa faɗawa kan Dogo. Sannan ya tafi, ya bar sama da ta fara yin duhu da tauraro guda.

Kowa ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, ana 'yar dariyar kunya. Matar hawa na uku ta tuna ta bar tukunya a wuta. Direba ya sake danna ham, wannan karon bai ɗaga hannu da wuri ba.

Dogo ya share murya. "To Mama, bari in ɗauki murfin mu sauka da kwabar, kada duhu ya same mu a matakala."

Na saki hannun Inna. Na kasa dubanta, sai na dubi kofin shayin da ya huce.

"Tsaya tukuna," ta ce. "Gobe watan zai dawo?"

"Zai dawo mana," in ji Dogo. "Sai dai ya ɗan makara, halinsu ɗaya da Guntu."

"Sharri ne, Mama," in ji Guntu.

Inna ta dubi madubin da ta hana mu taɓawa tun muna yara, yana waje a kan tsumma, iska tana bugunsa.

"Ku samo waya ku ɗaure shi da kyau a inda yake, kada wanda ya gyara masa zama. Kwabar ku hauro da ita haka nan, kayana ba sa jin kunya." Ta ja bargo ta rufe ƙafafunta. "In watan ya makara zan jira shi, ina zan je? Auta, tashi ki ce wa mai ham ɗin nan ya sauke kaya, ya cika mana kunne."

Na ratsa ta gefen kwabar na sauka a guje, ina dariya ina share fuska. Sai da na taka titi na ji tsakuwa, sannan na lura ko takalmi ban sa ba.