Daren da Irene Ta Roƙi Duhu

...to wa ya taɓa jin an yi addu'a kada a kawo wuta? A Sabon Tasha kuma? Sai Irene. Ga ta nan kwance kan tabarma, a saman benen da mai gidansu ya zuba wa dekin ya watsar shekara huɗu, ƙarfe huɗu saura na asuba, tana roƙon Allah da zuciya ɗaya ya bar unguwa cikin duhu. Awa ɗaya tak. Ba miji ta roƙa ba, ba ƙarin girma a makarantar da take koyarwa ba — duhu.

Kuma ya ba ta. Dubi sama... ruwan shekaranjiya ya wanke ta tas, ko ɗigon gajimare babu. Wata ya faɗi tun ɗazu. Can hayin kogi sama ta yi ja da fitilun cikin gari, to su ta shafa, ita gabas take kallo. Gabas aka ce. Daren biyar ga Mayu, gab da asuba, taurari za su riƙa zubowa — ba taurari ba ne, ta sani, sau nawa ta gaya wa 'yan ajinta, ɓurɓushin dutse ne ke ƙonewa a iska — amma yau kam taurari ne, kowa ya riƙe iliminsa.

Abin da ke sa ƙirjinta dukan uku-uku shi ne yadda lissafin ya faɗa daidai. Tiransifoman unguwa ba ya iya ɗaukar kowa lokaci guda, sai rabo: layinsu kwana biyu da wuta, kwana ɗaya babu. Tun watan Maris take bin kalandar coci da yatsa, biyu, ɗaya, biyu, ɗaya... yatsa ya sauka kan biyar ga Mayu. Babu. Rawa ta yi a kicin, ita kaɗai, da ludayi a hannu.

Saura janareta. Ɗaki bakwai a gidan, gida huɗu a kewaye, kowa da nasa, kuma da an ɗauke wuta hannu ke kai kansa ga igiya ba tare da ya yi shawara da mai shi ba. Ƙofa-ƙofa ta bi da kwanon masa. Maman Tracy ta dube ta sama da ƙasa — "Malama, a wannan zafin? Saboda tauraro?" — amma ta karɓi masar, wanda ya karɓi masa kuwa ya sa hannu. Daga uku zuwa biyar, kowa ya kashe. Har 'yan sintiri ta gaya wa, kada su hango mutane a saman gini su busa usur. Yanzu ji... shiru. Kwaɗi kawai, da wani kare can wajen titi. Ita ta yi wannan shirun. Ita, da masa talatin.

Somadina na can ƙarshen tabarma, ya yi matashi da bulo. Maƙwabcinsu, mai sayar da kayan gyaran mota a Kakuri, shi ne rabin ƙungiyarsu ta masu kallon sama; ɗaya rabin ita ce. Ya hau da madubin hangen nesan da ya saya a gwanjo. Ta ce masa ba a kallon faɗuwar tauraro da shi, ido tsirara ake so, ya ce ya ji — ga shi can yana goge gilashin da gefen singileti. Wayoyi duk ta ƙwace ta tura ƙarƙashin bokiti. Minti ashirin ido ke ɗauka kafin ya saba da duhu, haske ɗaya kuma ya mayar da kai farko.

Ido...

Hannun Baba na cikin nata. Busasshe, mai ɗumi. Baba George, mahaifinta, shekara saba'in da huɗu, kwance kan katifar da suka hauro da ita, matakala goma sha tara babu abin dafawa, yana ta faɗa wai a daina riƙe shi kamar ƙwai. Hawan jinin ido. Likita ya juya biro a hannu, watan Janairu ke nan: na dama ya tafi, na hagu saura 'yar kafa a tsakiya, ba zan yi miki ƙarya ba, kafin ƙarshen damina... Ba ta bari ya ƙarasa ba. Ɗaya take so. Tauraro ɗaya ya faɗo ta cikin 'yar kafar nan kafin ta rufe, shi ke nan, ba ta neman ƙari.

Ƙarar sarƙar keke. Tana 'yar shekara shida, ya dawo aikin dare daga masaƙa, auduga duk ta manne masa a gashi, ya ɗauko ta daga barci ya aza a wuya — Mama na mita daga ɗaki, za ka sa mata mura — ga Gamzaki can, kin gan shi? Ga kaza da 'ya'yanta, ƙirga 'ya'yan. Sai labarin nan, kullum labarin nan: wani dare a ƙauyensu, bayan duwatsun Kagoro, yana yaro, sama ta yi ta zubar da wuta, tsofaffi na kuka duniya ta tashi, shi yana kwance kan dutse yana dariya yana ƙirgawa har lissafi ya ƙwace masa. Wata rana za mu gani tare. Wata rana... masaƙa ta rufe, Mama ta rasu, shekara talatin ta wuce ta gaban ƙofa ba sallama.

Can!

Fari, siriri, daga saman bishiyar mangwaro ya tsaga zuwa — ya ɓace. Numfashinta ya tsaya, duk jikinta ya ɗaure.

"Ɗaya," in ji Baba.

Ya gani. Ya gani, ya gani, Yesu na gode, ya — a'a, kada ta yi kuka, hawaye zai ɓata mata ido, minti ashirin... Dariya ke taso mata daga ciki, tana danne ta da haƙora. Somadina na tambaya ina, ina, madubi manne a fuska, ya rasa shi. Mai ido biyu da gilashi biyu ya rasa, tsoho mai rabin ido ya kama. Gobe har Kakuri sai an ji wannan.

Wani kuma, gajere, kusa da tankin ruwa.

"Biyu."

Likita me ya sani? Takarda ya karanta. Bai san idon da ya shekara ashirin yana tsinto zare ɗaya da ya tsinke cikin dubu ba. Uku — kore-kore wannan, har ya bar wutsiya. Huɗu. Baba ba ya kuskure, ba ya jinkiri, da ya wuce sai lamba ta fito. Za ta kira Hephzibah a Jos da gari ya waye, ƙanwar nan tata mai cewa kina wahalar da tsoho, za ta ce ya ƙirga huɗu, da bakinsa, ke kina barci... Kofin shayi na makon jiya, da Baba ya ajiye a inda babu tebur. A'a. Gajiya ce. Takalmi ƙafa daban-daban ranar Lahadi — ɗakin ne ba haske. Ba yanzu ba. Biyar. Yau ba ranar wannan tunanin ba ce, yau sama ta buɗe, kuma saura rabin awa, lokacin da aka ce sun fi zubowa ma bai —

Wani ƙugi daga ƙasa. Firij.

Kafin ta gane, unguwa ta kama da haske gaba ɗaya. Fanka, injin jan ruwa, talabijin ɗin wani yana tsakiyar wa'azi, wata murya can tana shelar an kawo. An kawo? Yau? Ba ranarsu ba ce. Waye zai tambayi dalili, wa ya taɓa mayar da wuta don ta zo ba a ranarta ba... Makunni. Ta roƙi kowa janareta, ta manta makunni. Wane gida ne ke kashe makunni in an ɗauke wuta? A kunne ake barinsa, don a san sa'ar da ta dawo. Ita kanta haka ta bar nata. Da babban farin ƙwan da mai gida ya ɗaure a jikin rodi saboda ɓarayi — ga shi nan, bisa kansu daidai, yana zuba musu rana a fuska.

Ta runtse ido, takaici ya sa ta damƙe hannun Baba da ƙarfi. Wata biyu na ƙirga. Masa talatin.

"Shida," in ji Baba. Muryarsa cike da murna. "Kai, wannan babba ne, ko?"

Ta buɗe ido a hankali.

Fuskarsa na ƙarƙashin ƙwan sosai. Ido biyu a buɗe, tar, ko ƙiftawa babu. Yana yi wa sama murmushi, saman da babu komai a cikinta yanzu sai fari. Yana jira.

Hannunta. Ɗaya — ta damƙe. Biyu — ta damƙe. Ba ya jinkiri, ba ya kuskure... yaushe 'yar kafar ta rufe? Kafin kofin? Kafin takalmin? Tun yaushe yake zaune cikin wannan duhun da ta bi gida-gida tana roƙo, yana jin ta tana bin kalanda, biyu, ɗaya, biyu, ɗaya, bai ce uffan ba? Matakala goma sha tara...

Somadina ya tashi zaune, ya sauke madubi, ya buɗe baki. Ta girgiza masa kai.

"Babba ne, Baba," ta ce. "Ya fi duka."

Ya gyara kwanciya, ya ƙara saka yatsunsa cikin nata yadda zai ji da kyau. Ƙwari sun fara taruwa a jikin ƙwan. Saura rabin awa kafin gari ya waye, sama babu ko tauraro ɗaya, hannunta kuma na rawa — in ta bar shi ya yi rawa zai ce bakwai, in ta tsayar da shi zai yi ta jira...