Tsuntsun da Aka Yi wa Hoton Fasfo

Kafin ya rufe shagonsa, Mai Hoto ya shafe fiye da rabin rayuwarsa yana ɗaukar mutane hoton fasfo. Mutum zai shigo ya zauna a gaban farin labule, shi kuma ya gyara masa wuyan riga, ya ɗaga masa haɓa da yatsa ɗaya, ya koma bayan kyamara ya ce, "Yauwa. Kada ka motsa." Sannan ya danna. Ya faɗi kalmomin nan har suka zama sunansa, don 'yan layinsu Kada-ka-motsa suke ce masa idan ya ba da baya.

Da wayoyin hannu suka cinye kasuwar, 'yarsa ta ga zaman banza na neman tsofar da shi, sai ta aiko masa da ɗan madubin hangen nesa mai ƙafa uku. Ya kafa shi a barandar bene, kusa da igiyar shanyar matarsa. Ya yanka zobe daga murfin wata robar magani, yadda idon ƙaramar kyamararsa ta aljihu zai zauna daram a bakin madubin, inda mutum ke sa nasa idon. A faɗe aikin ba shi da wuya. Ka nemo tsuntsu, ka murza madubin har ya fito sarai, ka ɗora kyamara, ka ɗan jawo hoton don baƙin zagayen da ke gefe ya ɓace, ka danna. Wahalar ita ce madubin yana ninka komai, har da rawar hannu.

Abin da yake nema wani ɗan tsuntsu ne shuɗi mai jan baki, wanda ke sauka da safe a bishiyar da ke fuskantar barandar. Gindin bishiyar kuwa yana cikin gidan maƙwabcinsa, Mai Katako, mutumin da idan ya dubi bishiya falanki yake gani. Wata rana suka haɗu a bakin ƙofa, Mai Katako ya sanar da shi cewa ya yi magana da masu zarto, ƙarshen wata za su zo, domin ganye ya ishe shi da toshe magudanar ruwa. Mai Hoto ya roƙe shi saboda tsuntsun. Mai Katako ya ce shi tun da ya tare a gidan bai taɓa ganin komai a kanta ba sai ƙadangaru.

"Amma ai kai mai hoto ne, maƙwabci," in ji shi. "Gani ya kori ji. Kawo min hotonsa yana zaune a bishiyata, in bar maka ita."

Mai Hoto ya hau bene da ƙarfin gwiwa. Mutumin da ya ɗauki jarirai masu kuka, ɗan tsuntsu ne zai gagare shi?

Kowace safiya tsuntsun yana zuwa. Mai Hoto ya saita madubi, ya ɗora kyamara, komai ya fito tsaf har ƙwayar idon. Daidai lokacin da yatsansa ya taɓa maɓalli sai bakinsa ya buɗe da kansa: "Yauwa. Kada ka motsa." Tsuntsu ya yi fir ya tashi. Abin da ke shiga kyamara reshe ne, kyakkyawan reshe, ba kowa a kai.

Matarsa, wadda ke jin komai daga wurin shanya, ta ba shi shawarar ya riƙa yin shiru. Ya ce da ita shi bai yi magana ba. Da ta maimaita masa kalmomin da muryarsa, sai ya ce to ai rashin ladabi ne a ɗauki mai rai ba a sanar da shi ba. 'Yarsa ta koya masa ta waya yadda zai sa kyamarar ta ƙirga da kanta ta ɗauka ba tare da ya taɓa ta ba. Ya gwada, ya kuma taya ta ƙirgawa da ƙarfi. Hali zanen dutse ne. Kafin tsakiyar wata ya tara hotunan rassa masu yawa, waɗanda da Mai Katako zai gani da ya ce ga shaidarsa nan, bishiyar ba kowa a cikinta.

Mura ce ta cece shi. Ana saura 'yan kwanaki wata ya ƙare muryarsa ta dushe gaba ɗaya. Ya fito baranda da mayafi a wuya, tsuntsun ya sauka, leɓɓansa suka motsa kamar kullum amma ko iska ba ta fita ba. Ya danna. Tsuntsun ya fito a zaune, rana a gefen fuskarsa, ganye kewaye da shi.

Da a nan ya tsaya da an gama. Amma a tsawon aikinsa bai taɓa miƙa wa kowa hoto ba a gyara ba. Ya zauna a gaban tsohuwar kwamfutar shago ya duba, ya ga bayan hoton a hargitse. Ganye ya tsaya wa tsuntsu a kafaɗa, ya cire shi. Wani ɗan reshe ya fito masa ta ka kamar ƙaho, ya cire. A hankali ya share bishiyar gaba ɗaya, ya sa farin labule a baya, ya daidaita kan tsuntsun a tsakiya, ya yanke hoton daga ƙirji. Sannan ya goge na asalin daga katin kyamarar, kamar yadda ya saba, don kada wani ya ga aikinsa ba a kammala ba.

Washegari Mai Katako ya hawo benen da kansa. Ya karɓi hoton, ya nisanta shi da fuskarsa, ya daɗe yana kallo. Ya yaba aikin ƙwarai, ya ce da wannan hoton tsuntsun zai iya tafiya kowace ƙasa ba a tsayar da shi ba.

"To ina bishiyata?" ya tambaya.

Mai Hoto ya buɗe baki, ba murya.

Matarsa ta ajiye kwandon wanki ta ce, "Maƙwabci, tunda ka sha wahalar hawa, sa idonka ka gani mana. Wataƙila ya dawo."

Mai Katako ya sunkuya ya sa ido. Tsuntsu bai dawo ba. Hannunsa ya bugi madubin, bakin madubin ya ɗan yi ƙasa, ya murza kamar yadda aka nuna masa, sai ta wata 'yar kafa tsakanin ganye ga tsakar gidansa ta taso har gaban hancinsa. Ga kujerar da yake kishingiɗa a kai da rana daga shi sai singileti. Ga singiletin ma a kan igiya, har hujin da ke hammatarta ana gani. Ya ɗago a hankali, ya dubi bishiyar, ya dubi madubin.

"Idan aka sare ta," ya ce, "me mutumin nan zai riƙa kallo?"

"Ai ba ya iya zama haka nan," in ji matar, tana ninke zani. "Duk abin da ya zo gaban madubi ɗauka yake. Kuma ka ga ya iya gyaran hoto."

Masu zarto ba su zo ba. A satin da ya biyo baya aka ga Mai Katako a kan tsani yana kwashe ganye daga magudana, daga baya ma har taki ya zuba a gindin bishiyar, yana gaya wa mutane cewa inuwa rahama ce.

Muryar Mai Hoto ta dawo. Da safe, idan Mai Katako ya fito tsakar gida da kofin shayi, yakan ji daga can sama an ce, "Yauwa. Kada ka motsa." Tsuntsu ya tashi, shi kuma ya tsaya cak har sai ya ji an danna.