Casa'in da Takwas a Inda Aka Ce Sittin

Takardar ta zo ranar Talata. Merv Tolhurst ya karanta ta a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, ya sake karantawa, har ya juya bayanta ko zai ga an rubuta wasa ake yi. Wai kyamarar babban titi ta kama motarsa tana gudun kilomita casa'in da takwas a inda aka ƙayyade sittin. Tarar ba ta dame shi ba. Layin ƙarshe ne matsalar: za a karɓe lasisinsa na tsawon wata shida.

Shekara arba'in da ɗaya Merv ya yi yana jan manyan motoci tsakanin Melbourne da garuruwan karkara, ko zomo bai taɓa takawa ba, kuma duk wanda ya zauna da shi minti goma sai ya sha wannan labarin. Tun da ya ajiye aiki, tafiya ɗaya ta rage masa a duniya. Kullum ƙarfe ɗaya da kwata zai fito da farar motarsa, ya hau babban titi, ƙarfe biyu daidai ya shiga gidan kula da tsofaffi inda matarsa Glenys take. Glenys ta manta sunayen jikokinta, wata rana ma har nasa, amma ba ta manta ƙarfe biyu ba. Da lokacin ya yi za ta ja kujera bakin taga, ta zuba wa ƙofar shiga ido tana jiran farar mota. In kuwa a bas ne, tafiyar awa biyu ce da canji sau biyu.

Ya kira 'yarsa Raylene, wadda ke aikin jinya, ya same ta a lokacin cin abinci.

"Sittin? A wannan titin? Ray, titin nan ɗari ne tun kafin a haife ki!"

"Baba, allunan nan na lantarki ne fa. In an yi haɗari ko cunkoso sai a rage gudun."

"Ke za ki koya mini titi? Ke da sai a karo na uku kika ci jarrabawar tuƙi?"

"Na biyu."

"Na uku. Ni na kai ki, ni na dawo da ke kina kuka."

Ya zauna ya rubuta takardar koke shafi uku da hannunsa, ya ce na'urarsu ce ta samu matsala. Bayan sati uku amsa ta zo a layi huɗu: an duba, hukunci yana nan. Merv ya yi tsalle ya dire, ya ce sai kotu ta raba su.

Yana da abin da yake taƙama da shi. Wata Kirsimeti Raylene ta saya masa 'yar kyamarar nan da ake liƙawa a gilashin gaba, ta ce masa in katin ajiyar hoton da ke cikinta ya cika da kanta take gogewa ta ɗora sabo. Merv ya ce sam, mutumin da ya yi shekara arba'in yana cika littafin tafiya ba ya goge komai. Duk Lahadi sai ya zare katin, ya sa a ambulan, ya rubuta kwanan wata, ya jefa a gwangwanin biskit. Gwangwani uku ya cika. Ya zaro ambulan ɗin satin da aka ce ya yi laifin ya ajiye wa Raylene a kan tebur yana murmushi.

"Ga shaidata. A nan za su ga ɗari ɓaro-ɓaro."

"To mu kalla tukuna mana, Baba."

"In kalli me? Ni na yi tuƙin, ina wurin."

Ta yi magiya har ta gaji. Taurin kan Merv kuwa ba a yau ya fara ba. Ya mayar da ambulan aljihun riga ya maɓalle.

Ranar shari'a ya sa kwat ɗin da ya sa a bikin Raylene, wanda yanzu ba ya rufe masa ciki. Sai wajen sha biyu da rabi aka kira sunansa. Mai shari'a dattijuwa ce, tabarau a bakin hanci, da gani ta ji irin wannan magana ta gaji.

"Mista Tolhurst, ka ce allon ɗari ya nuna?"

"Ranki ya daɗe, ba ni na ce ba. Hoto ne zai faɗa."

Ɗan sandan da ke gabatar da ƙara ya karɓi katin, aka nemo ranar da lokacin, aka kunna a babban allon bango.

Ga titi nan, rana tarwai. Motar tana layin hagu, inda Merv ke alfahari bai taɓa bari ba. Sai ga ƙarfen da ya ratsa saman titi, allunan lantarki jere a jikinsa. Tamanin.

Merv ya ɗan matso gaba. Ya ce a ransa wannan na wani wuri ne.

Allo na biyu ya zo: sittin, da jan da'ira tana walƙiya. Na uku ma sittin, a saman layin hagu kuma ga jar alamar da ke cewa an rufe layin. Duk motocin gabansa suka koma dama ɗaya bayan ɗaya. Tasa ta miƙe abinta, lambar gudu a gefen hoton ko motsi ba ta yi ba.

Sai aka ji murya, ashe kyamarar har sauti take ɗauka. Muryarsa ce, a hankali, cikin lallashi, irin wadda ko Raylene ba ta san yana da ita ba.

"Glen, ni ne Merv. Mijinki. Na kawo miki miyar kabewa... A'a, kar ki tashi. Ni ne Merv."

Bita yake yi, shi kaɗai a mota. Raylene ta rufe baki da hannu.

A gefen hagu wata jar mota ta bayyana, ta lalace, rabinta a kan layi. Wani ma'aikacin titi sanye da rigar ruwan lemo mai ƙyalli yana durƙushe a jikin tayarta, bayansa a cikin titi. Ya ɗago kai. Aka ga fuskarsa sarai, baki buɗe. Ya yi wuf ya faɗa kan murfin jar motar, hular kwanonsa ta tashi sama ta bugi gilashin Merv, ƙwas! Sai titi ya sake buɗewa fayau.

Muryar ta ci gaba, ko rawa ba ta yi ba: "Yau ma kin yi kyau, Glen."

Ɗan sandan ya tsayar da hoton. Merv ya tuna ƙarar bugun nan, wallahi ya tuna ta, ya ɗauka tsakuwa ce. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji a bayan sitiyari ba.

Mai shari'a ta cire tabarau. "Mista Tolhurst, ka ga mutumin nan a ranar?"

"Ban gan shi ba."

"Allunan fa?"

"Ranki ya daɗe, ko ɗaya ban gani ba." Ya dafa tebur. "Yaya yake? Ya ji ciwo?"

Ɗan sandan ya duba takardunsa. "Babu rahoton rauni. Bai ma kawo ƙara ba. Masu aikin nan sun saba."

Wannan kalmar ta fi komai dukan Merv. Sun saba. Bai ji sauran bayanin sosai ba, ya dai ji wata shida, daga yau, kuma sai likita ya duba shi kafin a mayar masa. Bai yi musu ba.

A wurin ajiye motoci ƙafarsa ta kai shi ƙofar direba da kanta. Ya tsaya riƙe da mukulli, sannan ya miƙa wa Raylene ya zagaya ɗaya gefen. Da suka hau babban titi ya ɗaga kai yana ƙirga allunan a fili. Ya kai goma sha huɗu.

"Ray, yaushe aka sa duk waɗannan?"

"Sun fi shekara goma, Baba."

"Shekara goma," ya ce. Sannan ya tambaya, "Gobe fa, wa zai kai ni?"

"Gobe ina aiki tun safe. Jibi ma."

Uku saura kwata suka shiga harabar gidan tsofaffin. Glenys tana nan a bakin taga, ba ta tashi ba. Da ta hango farar mota sai fuskarta ta washe, ta ɗaga hannu, ta leƙa wajen direba. Ta ga wata mata da ba ta gane ba. Merv ya sauke gilashin gefensa yana ɗaga mata hannu biyu, yana kiran sunanta, amma ba ta dubi wannan ɓangaren ba. Shekara hamsin ba a nan yake zama ba.

Ta sauke hannunta a hankali, ta gyara zama, ta mayar da ido ƙofar shiga tana jira.