Jiniya a Gaban Dandamali

A mulkin mai girma gwamna, babu macen da ta sake mutuwa a hanyar asibiti. Haka aka rubuta a jikin motar ɗaukar marasa lafiya, ƙarƙashin hotonsa yana murmushi. Motar kuwa ba ta taɓa ƙaryata shi ba, don tun da aka sayo ta ba ta taɓa ɗaukar mace ba. Aikinta bin ayarin yaƙin neman zaɓe.

Direbanta, wani dattijo da aka aro daga ƙaramin asibitin bayan gari, yana zaune a gefen filin taro sai wayarsa ta yi ƙara. Ungozomar asibitin ce.

"Baba direba, matar mai faci ta haihu, jini ya ƙi tsayawa. Sai babban asibiti. Kana ina?"

"Ina filin taro, 'yata."

"To baro shi mana!"

Ya sauka ya lalubo kodinetan kamfen, matashi mai waya biyu da sabon tumbi.

"Ranka ya daɗe, mace ce ke zubar da jini. In je in dawo."

"Haba Baba, kamar ba ka san tsarin ba. Da mai girma ya zo kan maganar mata, ka kunna jiniya ka ratsa gaban dandamali a hankali. In ya ɗaga hannu zai nuna mota, me zai nuna? Iska?"

"Rai ne fa."

"Ai saboda rayukan muke so ya zarce. In makullin ya yi maka nauyi, akwai masu so."

Dattijon ya tuna furfurarsa da bakunan da ke jiransa a gida, ya koma mota.

Gwamna ya fara jawabi da tituna. Ya hau gadoji ya sauka, ya wanke abokin hamayyarsa tas, ya sha ruwa. Wayar ta yi ta ƙara a kan kujera har direban ya kife ta. Can aka iso kan mata. Jiniya ta tashi, mota ta ratsa a hankali, gwamna ya nuna ta, fili ya kaure da tafi. A faɗi gaskiya, direban ya yi aikinsa da kyau.

Daga nan ya taka mota kamar zai fasa ta.

Ya tarar da ungozoma tana wanke hannu a bakin famfo. Mai faci na zaune a kan benci cikin rigar jam'iyya, irin wadda aka raba kyauta, jariri a cinyarsa.

"Mun nemi motar haya," in ji ungozoma, ba ta ko dube shi ba. "Duk an kwashe su sun kai mutane taro."

"Tana ina?"

"Tana ciki. A kan gadon ta cika, ko ƙofa ba mu fita da ita ba."

Ke nan rubutun jikin mota yana nan daram.

Mai faci ya miƙe. "Baba, ko za ka taimaka ka kai mana ita gida?"

Su biyu suka ɗauko ta. Gadon motar ko ledarsa ba a ɓare ba. Mai faci ya gyara mata zane, ya karɓi jaririn daga hannun ungozoma, ya zagayo ya zauna a gaba. Direba ya tada mota.

"Baba, don Allah kada ka kunna jiniyar nan," ya ce. "Yaranmu in sun ji ta, fitowa suke da gudu. Zato suke gwamna ne."