Yaɓen Sanusi Mai Turare

Duk tsohuwar Maradun babu wanda bai san ƙyanƙyamin Sanusi mai turare ba. Mutum ne da in ƙuda ya ratsa ta saman furarsa, ko bai sauka ba, to furar ta tashi daga tasa. Ran Talata in zai kai tirensa na turare da sabulu kasuwar Mafara, da moɗarsa yake tafiya a jaka, don ba ya sa baki inda wani ya sa. Sai kuma Allah ya ajiye shi a gidan gado, ƙarƙashin yayansa Zubairu, gidan da turken shanu ke tsakar gida, agwagi na wanka a kwata, awaki na shiga har madafa. Shekara da shekaru yana yawo a gidan nan da wando a ɗage kamar mai ƙetare gulbi.

Saboda haka da aka ce ruwan dam ɗin Bakolori zai ci garin, kowa ya kwashe ya koma tudu, Sanusi ya taya tsofaffi jimami a fuska, amma a ciki murna yake. An ce kowane magidanci za a yanka masa fegi nasa. Nasa ya faɗo can gefen sabon gari, inda leburorin dam suka taɓa yin sansani, har da wani ɗaki guda na bulo mai rufin kwano da suka tafi suka bari. Gidansa na farko ke nan a duniya.

Matarsa Barira tana Bakura wankan jegon fari, ta sami ɗa namiji. Gwaggonta Taiba, wadda ta riƙe ta tun tana ƙarama, ta aiko da saƙo babu kwana-kwana: in an yi arba'in ita da kanta za ta rako Barira. In ta ga ɗakin kirki ta sauke ta, in ba ta gani ba ta wuce da ita gidan Zubairu. Sanusi kuwa ya san in mai jego ta shiga gidan Yaya, shi ma ya koma ke nan, shi da agwagi sai yadda hali ya yi.

Ranar da ya ɓalle ƙofar ɗakin sai da ya ja da baya ya tofar da yawu. Jemagu sun kafa gari a rufi, kashinsu ya taru a ƙasa, awaki sun zo sun ƙara nasu a kai. Bangon bulo tsirara, ba a taɓa shafe shi ba, ramukansa cike da kyankyasai. Ga jan tofin goro tun daga ƙasa har tsayin ƙirji, ga wasu abubuwa da aka shafa da yatsa, waɗanda Sanusi ya hana zuciyarsa ta raɗa musu suna. Ya ɗaure hanci da ƙyalle, ya ɗiga masa turare, ya kama shara.

Siminti a lokacin sai wanda ya san wani. Magina kuwa, gari guda ake ginawa, ko mai miƙo tubali ba ka samu. Yana tsaye yana duban bango sai ga Zubairu. Suka gaisa, aka tambayi gajiya da baƙunta da mai jego, sannan Zubairu ya ƙwanƙwasa bulo da sandarsa.

"Bangon ga yaɓe shika so," in ji shi. "Ka taho da mangala ka kwashi kashin shanu turkena, ka cuɗa da ƙasa da ciyawa, ka bar shi shi ruɓa. Haka Baba yay yi ma ɗakunanmu."

"Yaya, ɗakin da ni ka kwana ciki, in shahe shi da kashi?"

"Na shanu na. Malamai sun ce mai tsarki na."

"To malamai su shahe nasu da shi."

"Sanusi, ƙasar tudun ga jar marmara ta. Ba ta kamawa ita kaɗai."

"Tana kamawa."

Zubairu ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce Allah shi ba da sa'a, ya yi tafiyarsa.

Ba ta kama ba. Ya yaɓa da safe, kafin azahar ta tsattsage, kafin la'asar ta zube gindin bango. Ya sake, ta sake. Arba'in na ƙaratowa, mangalar Yaya na yi masa gizo, shi kuma ya rantse ko zai kwana a fili ba zai taɓa kashin dabba ba. Sai ya saɓi fartanya ya shiga zaga fegin yana neman ƙasa.

Can bayan tsohon sansanin ya tarar da wani dogon tudu-tudu, ciyawarsa koriya shar alhali rani ake. Ya sara, sai ga ƙasa baƙa wuluk, mai laushi, mai danƙo, sak lakar bakin gulbin da suka baro. Ya damƙa ya kai hanci, hancin nan nasa da ke bambance turare na gaske da jabu tun kwalba na rufe. Akwai ɗan wari-wari, ba ƙarya. Amma ya ce warin fadama ne, har ƙwalla ta taru masa don tuna gida. A cikin ƙasar akwai totuwar masara birjik da guntayen takardar buhun siminti. Ya ce madalla, an ma hutar da shi neman ciyawa.

Ya yi ta jida da kwando a ka, tana zubo masa a wuya. Ya tara ta ƙofar ɗaki, ya zuba ruwa, ya naɗe wando har gwiwa, ya shiga da ƙafa yana cuɗawa tana ɓullowa ta tsakanin yatsunsa. Ya yaɓa da tafin hannu, yana share gumi da bayan hannun. Ƙasa kuwa ta kama bulo ƙam, ta kwanta sumul, ko tsaga guda babu.

Sauran daɓe. A tsohon gari mata ne ke taruwa su daɓe ɗaki da waƙa, a zuba makuba ya yi ƙarfi. Yanzu kowace mace na fama da nata ɗakin, ɗorayin da ake samun makuba kuma katafila ta tuge su. Sanusi ya ari madaɓi, ya durƙusa ya yi da kansa da wannan baƙar ƙasa, masu wucewa na leƙe suna dariyar ƙato na daɓe. Bai kula su ba. Safe da yamma yana yayyafa wa ɗakin ruwa don kada ya tsage, ruwan da sai tanka ta kawo, tanka kuwa sai ta ga dama.

Ana gobe Barira za ta zo ya je ya kira Zubairu, don ya ga abin da aka yi babu shanunsa. Zubairu ya shiga ya duba sama, ya duba ƙasa, ya jinjina kai. Sanusi baki har kunne ya nuna masa gindin taga da bakin ƙofa, inda wasu 'yan tsirrai suka ɓullo daga bango da daɓe.

"Dubi albarkar ƙasa, Yaya. Har tsiro takai."

Zubairu manomi ne tun yana da wayo. Ya tsuguna ya cire guda mai ɗan girma, ya murtsuke ganyen, ya sunsuna. Sai ya yar, ya goge yatsunsa a sanda.

"Tumatir na. Kai kash shuka shi?"

"A'a."

"Sanusi, tumatir da ba a shuka ba wuri guda shika tsira. Ina kaɗ ɗebo ƙasar ga?"

Suka tafi bayan sansani. Zubairu ya wuce ramin da Sanusi ya haƙa, ya je ƙarshen tudun ya ture ciyawa da sanda. Ga wani faffaɗan siminti a kife, da ramuka a jere, kowane da wurin ɗora ƙafa dama da hagu. Masai ne, wurin bahayar leburori. Ɗaruruwan mutane sun yi shekaru suna zuwa nan, da suka tashi katafila ta ture murfin ta watsa ƙasa a kai. Totuwa da takardar nan ma, yanzu Sanusi ya gane aikin da suka yi.

Nan ya durƙusa ya amayar da abin da ya ci, ya amayar da wanda bai ci ba. Ya tuna kwandon a kansa. Ya tuna yatsun ƙafarsa. Ya tuna yadda ya kai ta hanci har da ƙwalla, sai wani aman ya sake tasowa. Garin neman gira an rasa ido.

"A kankare shi duka," in ji Zubairu. "Barira ta sauka wurina kahin ka gyara."

"Yaya, don girman Allah ka ruhwa min asiri. Ya bushe. Ba mai sani."

"Ni ba ni hwaɗi. Amma kai ka sani."

Sanusi ya koma gida ya zazzage sabulun tirensa, ya hau wanka. Ya dirji ƙafa da dutse har ta yi jini, ya yanke farce har tsoka, bai tsaya ba sai da randa ta ƙafe. Sannan ya sa tsinke ya tsince tsirran nan ɗaya bayan ɗaya, ya cika kasko da turaren wuta, ya ja ƙofa. Yana ƙyamar ɗakin, yana ƙyamar jikinsa, ya fi ƙyamar abin da yake shirin yi, amma da ya tuna agwagi sai ya ƙara turare a kasko.

Washegari rana ta yi sanyi suka iso, Gwaggo Taiba a gaba, Barira a baya da goyo. Sanusi ya tsuguna a waje daga gefen ƙofa, kai a ƙasa, kamar yadda suruki ke yi. Aka gaisa mai tsawo. Tsohuwa ta shiga ta zaga ɗakin da ido, ta shaƙi ƙamshi.

"Madalla," ta ce. "Wanga ɗaki ya yi. Ko Bakura ba kowa ka samun irin yaɓen ga ba. Barira, shigo da yaro."

Barira ta shiga tana murmushi, ta shimfiɗa tabarma gindin bango ta kwantar da jariri. Sanusi na hango ɗan hannunsa yana wutsil-wutsil kusa da yaɓen. Ya ce a ransa ai da saura kafin ya fara rarrafe.

"La'asar na wucewa," in ji Gwaggo. "A ba ni ruwa in yi alwala."

Barira ta leƙa randa ta ce babu ko ɗigo. Sanusi ya ce tanka ba ta zo ba, gulbi kuma da nisa, amma bari ya zaga maƙwabta.

"Zamna, ɗana, kowa ta kai shikai garin ga. Allah ya sauƙaƙa muna, ƙasa ma tsarki ta. Taimama ni kai. Ga bango sumul."

Ta gyara mayafi, ta fuskanci bangon, ta yi bisimilla, ta ɗaga tafukanta biyu za ta buga ta shafa a fuska.

Tun da ya auri Barira, maganar da ta taɓa haɗa shi da wannan tsohuwa ba ta wuce gaisuwa ba. Sai ga muryarsa ta fita, shi kansa bai san ta fita ba.

"Gwaggo, kak ki taɓa."

Hannunta ya tsaya a sama. Daga inda yake tsugune, ido na kallon tsakuwa, ya faɗa mata duka, tun daga kashin shanun da ya ƙi har zuwa simintin nan mai ramuka. Bai rage komai ba.

Gwaggo Taiba ta sauke hannu a hankali. Ta sunkuya ta ɗauke jaririn daga tabarma da kanta, ta miƙa wa uwarsa, ta fito tana tattare bakin zani. A jar marmarar waje ta yi taimamarta, ta yi salla. Da ta sallame ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi faɗa zafi ke nan. Ta dai tambaya ina hanyar gidan Zubairu.

Barira ta zo wucewa ta gabansa, ta rage murya. "Da ƙahwa kac cuɗa?"

"Da ƙahwa."

"Da hannu kay yaɓa?"

Ya miƙa hannu zai taɓa ɗansa, wanda tun ranar suna bai sake ɗauka ba, sai ta mayar da yaron ɗaya kafaɗar ta bi bayan Gwaggo.

Washegari da hantsi Zubairu ya fito ya tarar da ƙanensa a turke da mangala, agwagi na zagaya shi. Yana tsinto busassun kashin shanu da kara biyu, yana kawar da fuska. Daga ɗakin da aka sauki Barira kukan jariri na tashi.

"Ba wannan ba," in ji Zubairu. "Ɗebi ɗanye, shi ka kamawa."

Sanusi ya saurari kukan. Ya ajiye karan, ya naɗe hannun riga, ya sa hannu biyu ya ɗebo.